Gidan ƙwallon Agege da ke saka Chaplin daren da babu wasa

Akwai wani gidan kallo a Agege, can ciki bayan gadar Pen Cinema, asalinsa na ƙwallo ne, Firimiya da Laliga da sauransu, amma mai wurin ya ɓullo da wata dabara, duk daren da babu wasa maimakon ya garƙame sai ya saka tsohon fim. Wurin irin wanda kuka sani ne, rumfar kwano, bencina, talabijin manya guda biyu, janareta a baya yana ta ihu. Kuɗin shiga N300, bai kai na ranar wasa ba.

Fim ɗin da na tarar shi ne City Lights na Charlie Chaplin, na 1931, baƙi da fari, kuma babu magana a ciki sam sai kiɗa da ɗan rubutu da ke fitowa a allo jefi-jefi. Wlh da aka fara wasu samari har sun miƙe za su karɓi kuɗinsu, ɗaya yana cewa oga sautin ya lalace ne ko me, mai gidan ya ce ku zauna dai, in minti goma ta wuce ba ku yi dariya ba ni zan biya ku. Babu wanda ya je karɓar ko sisi.

Labarin ba wani mai sarƙaƙiya ba ne. Wani matsiyaci mai malafa da sanda da ƙaton takalmi, wato Chaplin, ya haɗu da wata makauniya mai sayar da fure a bakin titi, ta ji an rufe ƙofar mota kusa da ita sai ta ɗauka mai kuɗi ne ya sauko, shi kuma gogan naku ya yi shiru ya bar ta a haka. Sai ga wani attajiri mashayi da ya ceto daga faɗawa ruwa, in ya sha ya bugu Chaplin aminin sa ne, ga mota ga kuɗi ga runguma, in gari ya waye giya ta sake shi sai ya ce bai taɓa ganinsa ba a kore shi. Nan fa rumfar ta kaure, wani dattijo mai sayar da goro da ke gefena ya ce "ɗana, ai wannan Alhajin yana nan Ikko, na san irinsa sun fi a ƙirga."

Abin da ya sa nake ganin mai gidan nan ya yi basira shi ne zaɓen fim marar magana. Ku duba waɗanda ke zaune, mu Hausawa, 'yan Nijar masu shayi, Yarbawan unguwa, har da wasu Ibo biyu masu shagon kayan gyara, in da fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa aka saka rabinsu sun tashi, in na Yarbanci ne mu za mu tashi. Wannan kuwa kowa na gani da idonsa, kuma ƙarar janareta ba ta hana ka komai tunda babu zancen da zai wuce ka. Shi kansa Chaplin da gangan ya yi haka, fina-finai masu magana sun riga sun shigo tun 1927, kowa a Hollywood ya koma can, shi ya kafe ya ce a'a, ya rubuta labarin, ya ba da umarni, ya fito a ciki, ya kuma tsara kiɗan. Har Albert Einstein ya je kallon farko a Los Angeles.

Wurin damben ne ƙarshen dariya. Chaplin ya shiga dambe don ya samo wa yarinyar kuɗin haya, ga shi siriri kamar sillen kara, sai ya riƙa ɓuya a bayan alƙalin wasa, alƙali ya yi dama ya yi dama, ya yi hagu ya bi shi, ya leƙo ya kai naushi ya koma. Akwai wani yaro Basakkwace mai wankin takalmi da ya zamo daga benci yana riƙe ciki, mai gidan dole ya mayar da wurin baya aka sake kallo. Masu cewa marigayi Ibro ne kawai ya iya ba da dariya da jiki su zo su ga wannan, ban rage wa Ibro komai ba, Allah ya jiƙansa.

To amma akwai gyara. Kwafin da mai gidan yake da shi ba mai kyau ba ne, hoton na dishi-dishi a wuraren dare, kuma ya ja shi ya cika allo har mutane sun yi faɗi. Rubutun allon Turanci ne kuma babu mai fassarawa, sai da wani ɗalibi ya ɗauki nauyin karantawa da ƙarfi, ya kamata a ce an tanadi mutum ɗaya don haka, musamman a ƙarshe inda yarinyar ta warke ta buɗe shagonta, shi kuma ya fito daga kurkuku a yage, ta miƙa masa fure da tsaba sai ta gane shi da taɓa hannunsa. Wasu na baya ba su fahimci me aka rubuta ba suna ta tambaya a daidai lokacin da bai kamata a yi surutu ba. Fanka kuma ɗaya ce ke aiki, zafi sai wanda ya gani.

Fim ɗin bai kai awa ɗaya da rabi ba, ana farawa bayan Isha, kafin goma kun fito. In za ku je ku je da wuri ku kama bencin gaba na hagu, shi ne ƙarƙashin fankar, kuma ku riƙe tsabar kuɗi don ba ya karɓar taransifa.