Zanzibar ko Lamu: wanne ya fi dacewa da mai son yawo a jirgin ruwa?

Hajiya, kin ce ke da Alhaji kuna da mako guda, kuna son tsibirin da za ku yi yawo a kan teku, kuma kin rasa na zaɓa tsakanin Zanzibar da Lamu. Duka biyun garuruwan Musulmi ne masu jin Swahili, don haka batun abinci da wurin salla ba abin damuwa ba ne. Inda suka bambanta shi ne matsayin jirgi a rayuwar mutanen gari.

A Zanzibar, ta ƙasar Tanzaniya, jirgin ruwa na zamani ne zai ɗauko ku daga Dar es Salaam, tafiyar awa biyu ko kusa da haka. Da kun sauka a Stone Town, tsohon birnin tsibirin, kuma mota ce za ta ci gaba da ɗawainiya da ku. Shiga ƙaramin jirgi sai dai don shaƙatawa: a kai ku ƙaramin tsibirin Changuu, tafiyar kamar rabin awa, ku ga manyan kunkuru da asalinsu daga Seychelles aka kawo, ko ku je Nungwi can arewa inda har gobe ake sassaƙa jiragen katako. Abin kallo a tudu kam ba ya ƙarewa. Ga gonakin kanumfari, ga gasasshen kifi a lambun Forodhani na bakin teku bayan magariba, ga wurin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873. Sai dai akwai cunkoson 'yan yawon buɗe ido, kuma masu tallar jirgi za su yi ta bin ki har sai kin gaji da cewa a'a.

Lamu ta ƙasar Kenya daban take. Filin jirgin saman ma ba a tsibirin yake ba, yana Manda, don haka da akwatinki za ki shiga kwale-kwale a tsallaka da ke. A cikin gari lunguna sun yi ƙunci da yawa, mota ba ta da wurin bi. Jaki ne ke dakon yashi da buhunan shinkafa, sauran zirga-zirga kuma a ruwa ake yi. A cikin jirgin za ki zauna gefen matar da ta dawo cefane, matuƙi na riƙe da igiya yana juya ƙyallen da iska ke turawa. In kuna son ganin kangon Takwa, wani tsohon gari a tsibirin Manda, sai an jira teku ta cika kafin jirgi ya iya ratsa mashigin da ke tsakanin itatuwan bakin ruwa, in ta janye kuwa sai haƙuri. Idan tafiyarku ta dace da Maulidin da ake yi a Masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh ya assasa, har tseren jirage da na jakuna za ku gani.

Ni dai tunda yawon ruwa kika ce, Lamu zan zaɓa miki. Amma ku bi ta sama daga Nairobi ko Malindi. Hanyar mota zuwa Mokowe, inda ake tsallakawa zuwa Lamu, ta bi kusa da dajin Boni, inda 'yan al-Shabaab suka sha kai hari. In kuwa da ƙananan yara ko dattijuwa za ku tafi, Zanzibar ta fi sauƙi, ta fi yawan otal da asibiti.

Ko ina kuka nufa, ku kauce wa Afrilu da Mayu, lokacin ruwan sama mai yawa ne. Daga nan har wajen Satumba iskar kudu da suke kira kusi tana tayar da teku, mai saurin jiri zai sha wuya. Disamba zuwa Maris ya fi kwanciya. Kuma kada kunya ta hana ki tambayar rigar ceto kafin ki sa ƙafa a jirgi. In matuƙi ya ce babu, ki nemi wani.