Irƙusus ko citta: wanne za a ba Inna?

'Yar'uwa, kin tambaya wanne ya fi ga busasshen tarin da ya addabi Inna tun shigowar hunturu, irƙusus ko citta, kika ƙara da cewa tana shan maganin hawan jini. To, wannan ƙarin shi ya raba gardama.

Da a ce tarin kaɗai ake dubawa, irƙusus ne a gaba. Saiwa ce kamar asuwaki, bayanta ruwan ƙasa, cikinta rawaya. Kina taunawa zaƙi zai sauko ya daɗe a maƙogwaro, don sinadarin cikinta ya ninka sukari zaƙi sau 30 zuwa 50. Yana lausasa maƙoshi, ya tsinka majina. Masarawa jiƙa shi suke yi su sha da buɗa-baki. Masu maganin gargajiya na Sin kuwa "ciyawa mai zaƙi" suke ce masa, suna sa shi cikin haɗi don ya daidaita sauran saiwoyi. A 1946 wani likita a Holan, Revers, ya ga masu gyambon ciki suna samun sauƙi da shi, sai dai kuma wasunsu suka fara kumbura.

Kumburin nan ne abin tsoro. Irƙusus yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta zubar da sinadarin fotasiyam da zuciya ke buƙata, jini ya hau, bugun zuciya ya rikice. A 2020 likitoci a Amurka sun ba da labarin wani mai aikin gini ɗan shekara 54 da ya rasu bayan ya yi makonni yana cin alewar irƙusus kullum. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu duk su nisance shi. Ko lafiyayye kada ya wuce mako 4 zuwa 6.

Citta kuwa tamu ce, ta Kachiya da Kafanchan. Gwanintarta ɗumama jiki, mura da tashin zuciya. A busasshen tari ba ta kama ƙafar irƙusus ba, kuma in ta yi yawa ƙwarnafi take sawa, amma ba ta tayar da jini.

Ni dai citta zan dafa wa Inna, da zuma da ɗan lemun tsami. Ki kuma duba kwalin maganinta: wasu magungunan hawan jini irin su lisinopril su kansu suna kawo busasshen tari. In shi ne, ki mayar da ita wurin likita ya canza mata, kada ta daina sha da kanta.