Wajen hoton mama da na je a Kano, ga yadda ta kasance

Wata uku da suka wuce ina wanka na ji wani abu a maman hagu ta wajen hammata, kamar ƙwayar gurjiya, in na danna sai ya zille min, ba zafi ba komai. Wallahi ranar ko tuwon dare ban iya ci ba. Na faɗa wa Gwaggo, tace kar in kuskura in je asibiti, daji baya son ƙarfe, ana tsira masa allura shikenan an tsokano shi, ta sa aka karɓo min na shafawa daga ƙauye. Sati uku ina shafe-shafe, banda ƙaiƙayi da ɓata rigar mama ba abin da na samu.

Wata abokiyar aikina ce ta min kwatancen wani wajen sikanin na kuɗi, tace akwai likita mace amma Talata da Alhamis kawai take zuwa, don haka ku kira kafin ku ɓata kuɗin adaidaita.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai. Na je ƙarfe 8 ban shiga ba sai kusan azahar, POS ɗinsu baya yi sai tiransifa, sannan yarinyar da ke kan kanta ta ɗaga murya gaban maza da mata tace wai ina mai hoton nono? Kamar ƙasa ta tsage in shige. Haba dan Allah, ai sai a kira lamba.

Amma ina shiga ciki na manta da ita. Na ce wa likita mamogiram nake so, wato hoton X-ray na mama, don shi nake ji ana faɗa, tace shekarunki nawa 'yar'uwa, nace 29, tai murmushi tace a wannan shekarun naman mama a cunkushe yake, a mamogiram fari yake fitowa, ƙullin ma fari, to ya za a bambance? Shi an fi yi wa 'yan 40 zuwa sama, ni sikanin ya fi min. Ta shafa min wannan man mai sanyi ta juyo da allon ina kallo tana min bayani, wai kowane mama yana da sassa 15 zuwa 20 masu yin ruwan nono, da hanyoyi da suke kai shi kan nonon, sauran kitse ne, kuma naman yana miƙewa har cikin hammata inda ƙaluluwa take, shi ya sa ta duba hammata biyun duka bata tsaya inda na nuna mata ba. Ƙullin ya fito baƙi-baƙi, siffar ƙwai, gefensa sumul, wajen santimita 2. Tace irin wanda yake yawo ƙarƙashin yatsa haka yawanci ba shi ne abin tsoro ba, wanda take jin tsoro shi ne mai tauri da ya kafe waje ɗaya, ko kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko fata ta koma kamar ɓawon lemo.

A takarda ta rubuta BI-RADS 3, ma'ana da wuya ya zama daji, a sake dubawa bayan wata 6. Sai na faɗa mata ƙanwar Ummanmu sankarar mama ce ajalinta, sai tace to a ɗebi nama a gwada hankali ya kwanta. Nan fa gabana ya faɗi, maganar Gwaggo ta dawo min, na faɗa mata ƙiri-ƙiri. Bata yi min dariya ba, tace allura bata tayar da shi, matsalar ita ce yawancin matanmu a Najeriya basa zuwa sai ya kai mataki na 3 ko 4 bayan an gama jiƙe-jiƙe, in an rasa su sai a ce asibiti ne.

Ɗibar naman bata kai minti 20 ba. Allurar kashe zafi ce kawai ta ɗan yi raɗaɗi, sai ƙarar abun ɗibar naman, ƙas! kamar sitefila, sau uku ko huɗu, ta ma gwada min ƙarar tun kafin don kar in zabura. Filasta kawai aka sa, wajen ya yi ɗan taruwar jini kwana biyu.

Sun ce sati ɗaya sakamako zai fito, ya kai kwana 12, kuma ba wanda ya kira ni, ni na dinga bin su a waya. Alhamdulillah faibiro'adinoma ne, ƙulli mara cutarwa da ya fi fitowa 'yan mata da masu ƙananan shekaru, tace in bai ƙara girma ba ba sai an yi tiyata ba.

Kuɗin akwai nauyi gaskiya, musamman gwajin naman, amma don likitar nan zan koma. Ita kuwa Gwaggo har yau cewa take maganinta ne ya kwantar da shi, ban ja da ita ba, lallaɓa ta nake ta je mamogiram tunda ta haura 50, tace to, amma sai ranar macen.