Nas ko likita mai son fita aiki waje: Saudiyya, Ingila, Jamus ko Kanada?

Kafin ka fara zuba kuɗi a jarabawa ka zauna ka tambayi kanka tukuna, tara kuɗi za ka je yi ka dawo gida, ko so kake ka kwashi iyali ku zauna can gaba ɗaya? Amsar ita za ta zaɓa maka ƙasa, don kowace da irin jarabawarta, kuma wadda ka ci don wannan ƙasar ba lallai ta yi maka aiki a waccan ba.

In tara kuɗi ne, gaskiya Saudiyya ta fi sauƙin shiga. Ba a cire haraji a albashi, asibitoci da yawa suna ba da gida ko kuɗin haya da tikitin zuwa hutu, ga Umra kusa, ga masallaci ko'ina, abinci ba sai ka tsaya tambayar halal ne ko a'a ba. Za ka tura satifiket ɗinka kamfanin tantance takardu na DataFlow su tantance, ka rubuta jarabawar lasisi ta Prometric, ka yi rajista da hukumar ma'aikatan lafiyarsu SCFHS, sai gwajin lafiya. Amma fa iƙamarka a hannun mai ɗaukarka aiki take, kwantiragi na ƙarewa ba a sabunta ba sai haɗa kaya. Tun 2021 sun sassauta dokar canza wajen aiki, sai dai zama ɗan ƙasa kam ka cire shi a lissafi, ko shekara ashirin ka yi baƙo ne kai.

Ingila ita ce kowa ke rububi, kuma ita ce dokokinta suka fi saurin canzawa, shi ya sa labarin wanda ya tafi a 2022 ba zai yi maka jagora yau ba. Nas sai ta ci jarabawar Turanci ta IELTS ko OET, ta nemi rajista da hukumar nas-nas ɗinsu NMC, ta rubuta jarabawar kwamfuta ta CBT tun kafin ta bar ƙasa, sannan jarabawar gwajin aiki ta OSCE sai an isa can, bayanta ne rajistar ke kammala. Likita kuma jarabawar PLAB ce da rajista da hukumar likitocinsu GMC. Duk wannan ba biza ba ce fa, biza sai wani asibiti mai lasisin ɗaukar baƙi ya ba ka aiki ya turo maka takardar ɗaukar nauyi, wato CoS. Daɗin bizar ma'aikatan lafiya shi ne ba ka biyan kuɗin inshorar lafiyar nan da sauran baƙi ke biya, fam 1,035 duk shekara kan kowane babba, in kana da mata ka lissafa da kanka ka ga abin da aka ɗauke maka. Hanyar masu kula da tsofaffi da mutane suka yi ta bi kuwa ta rufe, a Maris 2024 aka hana su tafiya da iyali, a Yuli 2025 aka daina ɗaukar su daga waje kwata-kwata. Kuma Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce suna da ƙarancin ma'aikatan lafiya, don haka asibitocin Ingila ba za su zo neman ka ba, kai ne za ka nemi aikin da kanka. Albashin in ka canza shi zuwa naira sai ka ji daɗi, amma bari haraji da haya da kuɗin ɗumama ɗaki su ɗauki nasu tukuna.

Jamus kuma matsalarta ɗaya ce amma babba, yare. Nas sai ta kai matakin B2 a Jamusanci kafin a amince da satifiket ɗinta, kuma wannan ba karatun wata biyu ba ne, akwai cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe-Institut a Legas ga mai niyya. Wanda ya daure ya wuce nan ya huta, suna neman ma'aikata sosai, tun Yuni 2024 ma suka kawo bizar Chancenkarte da ke ba ka shekara ɗaya ka je ka nemi aiki a can in ka nuna kuɗin riƙe kanka, kuma yanzu shekara 5 kana iya neman zama ɗan ƙasa ba tare da ka ajiye fasfonka na gida ba.

Kanada ta tsarin shige da ficenta na Express Entry takardar zaman dindindin take ba ka kai tsaye ko ba ka da aiki a hannu, maki ake tarawa da shekaru da karatu da yare, kuma makin shekaru na fara raguwa daga 30. 'Yan'uwanmu na Nijar masu Faransanci suna da ƙarin maki a nan. Sai dai ka isa da takardar zama ba lasisin aiki, nas sai ta bi tantancewa ta ci jarabawar lasisi ta NCLEX, likita kuwa nasa ya fi tsawo, da yawa sai sun yi wani aikin daban kafin nan.

Ni dai a ganina mai iyali da yawa da yake son ya gina gida ya dawo, ya nufi Saudiyya. Matashin da bai yi aure ba kuma kansa na ja, ya rungumi Jamusanci kawai.

Sai maganar ejan. Duk wanda ya ce ka kawo miliyoyi zai sayar maka da CoS ka rabu da shi, mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗinta, kuma gwamnatin Ingila tana da jerin sunayen duk wuraren da ke da lasisi a gov.uk, kyauta ake dubawa, ka nemi sunan wajen a ciki kafin ka tura wa kowa ko sisi.