Kwale-kwalen pletna a tafkin Bled: ya ci kuɗinsa, amma a lura da agogo

Bled ƙaramin gari ne a arewa maso yammacin Sulobeniya, tafiyar kusan kilomita 55 daga babban birni Ljubljana. Duk harkar garin a bakin tafki take, tafkin kuma bai da wani girma: tsawonsa ya ɗan haura kilomita 2, mai zagaya shi da ƙafa zai ci kusan kilomita 6. A tsakiyar ruwan akwai tsibiri mai coci a kansa, kuma hanyar da aka gada ta zuwa can ita ce kwale-kwalen katako da ake kira pletna.

Gindin pletna a baje yake, tsawonsa kusan mita 7, faɗinsa mita 2, da rumfar yadi a sama don rana da yayyafi. Fasinjoji na zama a benci biyu suna fuskantar juna, ba su cika wuce ashirin ba. Matuƙin a tsaye yake can baya da filafili biyu, yana tura su gaba da nauyin jikinsa. Ba inji, ba hayaƙi. Abin da kunne ke ji shi ne ƙarar katako da ɗigar ruwa daga bakin filafili. A ganinmu wannan tuƙin shi ne ainihin abin da ake biya wa kuɗi, ya fi tsibirin kansa. Sana'ar gado ce, a hannun wasu iyalai take tun ƙarnuka, ɗa ya karɓa daga uba, shi ya sa ba kowa ke wayar gari ya sa kwale-kwalensa a layi ba.

Natsuwar da ake samu a ruwan ta dace da tarihin garin. A shekarar 1004 sarkin Jamus Henry II ya ba bishof na Brixen, wani gari da ke arewacin Italiya a yau, ƙasar Bled kyauta, a 1011 kuma aka fara ambaton fadar da ke bisa dutse, mita 130 sama da ruwa. Amma wanda ya mayar da wurin matattarar baƙi shi ne Arnold Rikli, mutumin Suwizalan, wanda a tsakiyar ƙarni na 19 ya buɗe gidan jinya inda magani shi ne iska da rana da ruwa da tafiya a ƙafa. Tun daga wancan lokacin, hutu garin ke sayarwa. Tito, shugaban tsohuwar Yugoslabiya, yana da masauki a bakin tafkin, wanda yanzu otel ne mai suna Vila Bled.

To, ga inda ake samun matsala. Matuƙi kan jira fasinjojinsa minti 40 a tsibirin, sannan ya juya. Jin adadin kamar ya isa, amma daga mashigar akwai matakala 99 na dutse, masu tsayi. Dattijo ko mai ciwon gwiwa zai ci minti goma kafin ya kai sama ya huta. Shiga coci da hawa hasumiya kuma tikitinsu daban ne, ba ya cikin kuɗin kwale-kwale, a lokacin cunkoso ga layin masu son jan igiyar tsohuwar ƙararrawar cocin ta shekarar 1534, wadda ake kaɗawa don neman cikar buri. Wanda ya tsaya shan shayi kafin ya shiga, sai dai ya sauko da gudu. A fara da abin da aka zo gani, hoto ya biyo baya, kuma a riƙe kalar rumfa da fuskar matuƙi, don kwale-kwalen duk kama suke da juna.

Abu na biyu, pletna ba ya tashi da ƙarfe kaza. Sai mutane sun taru. A watannin Yuli da Agusta nan da nan yake cika, sai dai a sha layi. Lokacin sanyi kuwa a iya zama a jira abokan tafiya. Da sassafe ya fi, ruwa a kwance, manyan motocin 'yan yawon buɗe ido ba su iso ba.

Wurin hawa ma yana da tasiri. Daga Mlino, ƙauyen da ke gaɓar kudu, tsibirin ya fi kusa. Daga gefen tsakiyar gari tafiyar ta fi tsawo, amma a nan ake ganin fada da duwatsu sosai, kuma mu wannan muka fi so. A riƙe tsabar Yuro, kada a dogara da kati. Idan matuƙi ya ce a koma wancan benci, a koma, nauyi yake daidaitawa. Miƙewa tsaye don ɗaukar hoto na karkatar da kwale-kwalen.

Mai zuwa da jirgin ƙasa ya kula: tashar Lesce-Bled na da nisan kusan kilomita 4 daga tafkin, sai an hau bas. Tashar Bled Jezero ce ke saman gaɓar yamma. Wanda kuma yake son ya daɗe a tsibirin yadda ransa ke so, gara ya yi hayar ƙaramin kwale-kwale na awa ya tuƙa da kansa.