Gargaɗi: masu tallan garin kwalajin a WhatsApp suna cutar masu ciwon gwiwa

Naira dubu 85 gwangwani ɗaya, kuma wai sai an sha uku guringuntsin gwiwa zai sake tsirowa. Dubu 85 sau uku, daga aljihun dattawan da ko sujada ba sa iya yi. Abin da ke cin rai shi ne bidiyon tallan da suke yaɗawa: mutum cikin farar riga, hoton ƙashi biyu a hannu, yana cewa guringuntsi da kwalajin aka gina shi. Wannan jimlar gaskiya ce, shi ya sa aka yarda. Waɗanda suka saya ba wawaye ba ne, har ma'aikatan lafiya sun tura wa iyayensu bidiyon nan.

Kwalajin nau'i na 2 shi ne zaren guringuntsi, sinadarin agirikan kuma ke riƙe masa ruwa. A amosanin gaɓɓai, wasu sinadarai irin su MMP-13 ke datse zaren. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini, wanda ya zaizaye a jikin babba da wuya ya dawo. Garin da ka kaɗa ka sha kuwa, hanji zai narkar da shi kamar ganda, babu abin da zai kai shi gwiwa ya liƙa.

Mafi muni, suna sayar wa iyayen yara masu shanyewar tsoka. Cututtukan shanyewar tsoka na Bethlem da Ullrich matsalar kwalajin nau'i na 6 ce, daga ƙwayar halitta take, gari ba ya gyara ta. Dubu 85!

To me ya sa wasu ke jin sauƙi cikin kwana biyu? A 2022 hukumar FDA ta Amurka ta gano deksametason da diklofenak, magungunan rage kumburi da ciwo, a ɓoye cikin Artri King, wani maganin gaɓoɓi da ake tallatawa. Saurin sauƙi irin wannan abin zargi ne. Kumburin fuska, hauhawar sukari, hawan jini ko gyambon ciki su ne alamun illar waɗannan magunguna. Tun kafin bidiyon ma masu tallan garin sun ce akwai lambar NAFDAC, da aka nema sai suka toshe layi. Hotunan hirar da rasit suna nan, zan ɗora su.

Wanda ya daɗe yana sha kada ya daina kwatsam, idan akwai deksametason a ciki hakan na da haɗari. Ya ɗauki gwangwanin ya je wurin likita. Kada ku tura ko kwabo.