VAR da na'urar layin raga: ɗaya na yarda da ita, ɗayar har yanzu da sauran gyara

Ni mai goyon bayan Liverpool ne tun ina yaro. Gara in faɗa tun farko, don kowa ya san inda ciwon yake.

Masu cewa kuskuren alƙalin wasa ba ya sauya sakamako, wai wanda ya fi iyawa shi ke nasara, ban yarda da su ba. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai rowar ci. Minti casa'in ana zuba gumi, a tashi ɗaya da nema. Ku tuna gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu: Jamus na gaban Ingila da 2-1, Lampard na Ingila ya buga ƙwallo ta daki ƙarfen sama, ta faɗa can bayan layi, ta dawo hannun Neuer, mai tsaron ragar Jamus, aka ci gaba da wasa. An tashi 4-1, aka ce ai dama Jamus ta fi ƙarfi. Ta fi, ban musa ba. Amma wanda ya tafi hutun rabin lokaci da 2-2 ba zai dawo neman ramuwa ido rufe ya bar bayansa a buɗe ba, kuma ta wannan ƙofar Müller na Jamus ya zura ƙwallayensa biyu.

Na'urar layin raga, wadda Firimiya ta ɗauka a 2013, ita ce ta fi kwanta min a rai. Tambaya ɗaya take amsawa: ƙwallo ta tsallake layi gaba ɗayanta ko a'a? Agogon hannun alƙali ya girgiza cikin daƙiƙa guda, magana ta ƙare. A Janairun 2019, wasanmu da Manchester City, ɗan wasansu John Stones ya kwashe ƙwallo daga bakin raga, saura kimanin milimita 11 ta shige. Muka sha kashi 2-1, a ƙarshen kaka muka rasa kofi da maki ɗaya, 97 da 98. Abin ya yi min zafi ƙwarai, amma ko sau ɗaya ban ce an zalunce mu ba, don na ga hoton da idona. Na'urar ta taɓa tuntuɓe a Yunin 2020, lokacin da mai tsaron ragar Aston Villa ya shiga raga da ƙwallon Sheffield United a hannu, agogo bai motsa ba. An tashi canjaras, kuma da tazarar maki ɗaya Villa ta tsira, Bournemouth ta faɗi.

VAR kuwa, wato taimaka wa alƙalin wasa ta hanyar bidiyo, ba na'ura ba ce zalla, mutane ne zaune a gaban allo. Abu huɗu aka ba su da farko: cin ƙwallo, fenareti, jan kati kai tsaye, da ba wa wani kati a madadin wani. Sun kama abubuwa da dama, kuma hannu irin na Maradona a 1986 ko na Henry a 2009 da wuya ya wuce yau. Wannan kaɗai ya isa in ce kada a soke ta.

Amma ranar 30 ga Satumba 2023 ba za ta bar raina ba. Muna gidan Tottenham, mu goma a fili, Luis Díaz ya ci ƙwallo, mataimakin alƙali ya ɗaga tuta wai satar gida. Na ɗakin VAR ya ja layi, ya ga babu satar gida, sai dai shi a zatonsa an riga an ba da ƙwallon, sai ya ce bincike ya kammala. Aka ci gaba da wasa. Da aka saki sautin maganarsu na saurara har sau uku: ana jin lokacin da suka gane kuskuren, ana jin wani yana roƙon a tsayar da wasa, aka ce ba abin da za a iya yi. Hukumar alƙalai ta amsa laifi, amma 2-1 ɗin yana nan a rubuce.

Abu na biyu da ke damuna shi ne murnar da ta ƙwace. Ɗana yanzu in an ci ƙwallo ba ya tsalle. Sai ya juyo ya dube ni, ya dubi alƙali ko ya sa yatsa a kunne, mu yi tsuru-tsuru minti biyu, uku. Kafin a tabbatar, daɗin ya huce.

A 2024 Wolves ta nemi a soke VAR a Firimiya, da aka jefa ƙuri'a a watan Yuni ƙungiyoyi 19 suka ƙi. Da ina da ƙuri'a, da waɗannan 19 zan bi, bisa sharaɗi biyu: a bar 'yan kallo su ji maganar alƙali da ɗakin VAR a lokacin da ake yinta, kuma in an sake kallon abu sau uku ba a ga kuskure ƙarara ba, a bar hukuncin fili yadda yake a ci gaba da wasa.